Neman Likitan Cututtukan Cikin Jiki a Ƙaramin Gari

 

Mai girma shugaban taro, ranka ya daɗe Hakimi, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu mata, abokan aikina ma'aikatan lafiya, da ƙannena matasa, ina yi muku barka da wannan lokaci.

Ƙungiyar ci gaban wannan gari ta nemi in yi magana a kan tambayar da aka fi tare ni da ita a wajen ɗaurin aure da wajen zaman makoki: "Likita, wa ya kamata mu gani?" Mai wannan tambaya yawanci ba zazzaɓin kwana uku ne ya dame shi ba. Mahaifinsa ne ƙafafuwa suka kumbura har takalmi ba ya shiga, ko maiɗakinsa ce take ramewa tana kwana tashi fitsari, ko shi kansa aka ce jininsa ya hau, ya sha magani wata da watanni amma kan bai daina sarawa ba. An zaga kemis-kemis, an yi ƙarin ruwa, an yi hoton ciki, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wanda wannan bawan Allah yake nema, ko da bai san sunan aikinsa ba, shi ne ƙwararren likitan cututtukan cikin jiki na manya.

Wannan likita ba ya yin tiyata, ba ya karɓar haihuwa, kuma ƙananan yara suna da nasu likitan daban. Fagensa shi ne zuciya da ƙoda da hanta da huhu, da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, da ciwon suga da maƙoƙo, da cututtuka masu yaɗuwa irin su tarin fuka. Galibinsu cututtuka ne da ake zama da su shekara da shekaru, kuma ba safai suke zuwa su kaɗai ba. Mai suga yakan haɗa da hawan jini, hawan jinin ya taɓa ƙoda, ƙodar kuma ta sa maganin da yake lafiya lau a jikin wani ya zama guba a jikinsa. Don haka aikin wannan likita shi ne ya kalli mutum gaba ɗayansa. Zai zauna ya yi ta tambaya har ka gaji, ya sa kunne a ƙirji, ya danna ciki, ya duba ido da tafin hannu da ƙafa, sannan ya zaɓi gwajin da ya dace daga cikin gwaje-gwaje masu yawa da za su iya cinye kuɗinka a banza.

Idan kuna son ganin darajar irin wannan ido, ku tuna abin da ya faru a Legas a watan Yulin 2014. An kai wani matafiyi da ya sauka daga Laberiya wani asibiti mai zaman kansa, ana yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro. Dokta Stella Adadevoh, wadda likitar cututtukan cikin jiki ce da ta ƙware a fannin suga da makamantansa, ta ga alamun ba su yi daidai da abin da ake zato ba. Ta yi zargin Ebola, cutar da ba a taɓa gani a Najeriya ba kafin wannan lokaci, ta kuma hana a sallame shi duk da matsin lambar da aka yi mata. Ita kanta ta kamu, ta rasu a watan Agustan shekarar. Abin da ta yi amfani da shi a ranar farko shi ne sanin yadda cuta take tafiya, da ƙin yarda da amsa mai sauƙi.

To, me ya sa ba mu da irin wannan likita a nan? Kafin mutum ya kai wannan matsayi sai ya yi shekara 6 a makarantar likitanci, ya yi shekara 1 ta horon farko a asibiti, ya yi hidimar ƙasa, sannan ya ci jarabawar shiga karatun ƙwarewa. Wannan karatun yakan ɗauki shekara 5 zuwa 6 yana aiki dare da rana a ƙarƙashin manyan likitoci, da jarabawa mataki biyu masu tsanani, ko dai a Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa da aka kafa a 1979, ko Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma da aka kafa a 1976. Yaron da ya shiga jami'a bana, ko da babu yajin aiki ko faɗuwa jarabawa, sai ya yi aƙalla shekara 13 kafin a kira shi konsaltan. Kuma ba a yin wannan horo sai a manyan asibitocin da kwalejojin suka amince da su. A can yake yin aure, a can 'ya'yansa suke shiga makaranta, kafin ya gama ya riga ya zama ɗan birni.

A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitocin da ke da lasisi a ƙasar nan kimanin 55,000 ne, kuma wajen 16,000 sun fice daga ƙasar a 'yan shekarun da suka gabata. Wannan adadin ya haɗa kowane irin likita, kuma kaso mai tsoka yana Legas da Abuja, alhali mutanen ƙasar sun haura miliyan 200. Ƙwararrun cikin jiki kaɗan ne daga ciki. A arewa, inda za ka tabbatar kana samunsu shi ne asibitocin koyarwa: Shika a Zariya, Malam Aminu Kano a Kano, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri da Jos da Bauchi da Gombe da Katsina. Sai asibitocin tarayya da ke Gusau da Birnin Kebbi da Birnin Kudu da Nguru da Azare, da manyan asibitocin jihohi irin na Murtala Muhammad a Kano. Ku auna wannan da yawan ƙananan hukumomi: Kano 44, Katsina 34, Jigawa 27, Sakkwato 23. Mafi yawan hedikwatocin nan abin da suke da shi babban asibitin jiha ne mai likita ɗaya ko biyu, wani lokaci ɗan hidimar ƙasa, kuma shi ne zai yi wa mai naƙuda tiyata da asuba, ya duba yara da hantsi, ya zaga ɗakin maza da azahar.

Na sha jin ana cewa likitocin yanzu ba su da kishi, birni kawai suke so ko Saudiyya da Ingila. Akwai mai son kuɗi a kowace sana'a, amma ina roƙon a yi wa maganar adalci. Likitan cikin jiki da ɗakin gwaji yake aiki. Idan ba zai iya sanin yadda ƙodarka take ba a ranar da ya gan ka, idan babu na'urar ECG mai auna bugun zuciya, idan insulin ya lalace a firjin da wuta ba ta zuwa masa, to rabin abin da ya koya ya tashi a banza, yana ji yana gani mutum zai mutu da abin da ya san maganinsa. Ga albashin jihohi da yawa da bai kai na tarayya ba. Ga kuma tsaro, wanda ba sai na yi muku bayani ba. A watan Disambar 2023 an shiga gidajen ma'aikatan Asibitin Ido na Ƙasa da ke Kaduna aka sace wata likita, ta shafe kusan wata 10 a hannun 'yan bindiga. Idan hakan ya faru a Kaduna, ku yi tunanin abin da matar likita za ta ce masa ranar da aka turo shi ƙauye.

Saboda haka zan faɗi abin da na yi imani da shi ko da ba zai yi daɗin ji ba. Ƙwararren likitan cikin jiki ba zai tare a wannan gari nan kusa ba. Amma mai hawan jini ko mai suga ba ya bukatar ganinsa kullum. Abin da yake bukata shi ne ƙwararre ya gan shi sosai sau ɗaya, ya rubuta masa tsari, sannan a samu mutum ɗaya a gida da zai riƙe wannan tsari, da takarda ɗaya da za ta riƙa bin mara lafiya duk inda ya je. Wannan riƙon shi ne muka rasa, kuma rashinsa ya fi nisan Kano ko Zariya kashe mutanenmu.

Bari in nuna muku yadda abin yake a ɗakin duba marasa lafiya. An taɓa kawo mini wani dattijo manomi, ɗansa na riƙe da shi, ƙafafu sun kumbura, fuska ta yi fam kamar mai ƙiba, ga kasala. Na ce, "Baba, wane magani kake sha?" Ya ce, "Likita, na hawan jini ne kawai." Na ce wa ɗan ya koma mota ya ɗauko duk abin da Baba yake haɗiya, har wanda ba na asibiti ba. Ya dawo da baƙar leda, muka zazzage ta a kan tebur.

Akwai amlodifin kwali biyu, kamfani daban, launi daban. Ɗaya an ba shi a asibiti, ɗaya wani mai kemis ya ba shi da ya auna shi ya ga jinin bai sauka ba, Baba kuwa yana shan duka biyun a zaton magunguna biyu ne. Amlodifin magani ne mai kyau, amma idan ya yi yawa yana kumbura ƙafa. Da ƙafar ta kumbura sai wani ya ƙara masa maganin sa fitsari. Sai wasu 'yan ƙulle-ƙulle a farar leda, haɗin ciwon gwiwa da yake saya ranar kasuwa. Na kwance ɗaya: diklofenak, da wata 'yar ƙaramar ƙwaya da kowane ma'aikacin lafiya a nan ya san ta, deksametazon. Diklofenak yana ɗaga jini yana kuma cin ƙoda a hankali. Deksametazon shi ne ya cika masa fuska, ya ɗaga jinin, ya kuma tayar masa da suga. A ƙasan ledar akwai gorar jiƙo da aka ce masa tana wanke ƙoda, wadda shi kansa mai sayarwar ba lallai ya san abin da ke ciki ba.

Kowane daga cikin mutanen da suka ba shi waɗannan abubuwa ya ga alama ɗaya ne ya yi mata magani, kuma ina kyautata zaton da niyyar taimako suka yi. Ba wanda ya ga ledar gaba ɗaya. Gwajin jini ya nuna ƙodar ta fara raunana amma ba ta kai ga wanki da na'ura ba. Babban aikin da aka yi wa Baba a ranar shi ne rage magani: aka cire haɗin gwiwa da jiƙon, aka tsara yadda za a janye deksametazon sannu a hankali domin ba a yanke shi lokaci guda ga wanda ya daɗe yana sha, aka mayar da maganin jini ƙwaya ɗaya. Da yana fita ya juyo ya ce, "Ɗana, ba allura?" Na ce, "Babu, Baba." Na ga bai ji daɗi ba, kuma na fahimce shi, don an saba masa da cewa wanda bai yi maka allura ko ƙarin ruwa ba bai duba ka ba.

Ba na zargin wanda ya je kemis. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mai kemis yana buɗe da dare, yana ba da bashi, ya san sunanka. Amma lasisinsa na sayar da wasu magunguna ne da aka ƙayyade, ba na gano cuta ba. Kuma akwai sunaye biyu da suke ɓoye mana manyan cututtuka a garuruwanmu: "maleriya da taifot", da kuma "ulsa". Gwajin Widal da ake dogara da shi a ce mutum yana da taifot gwaji ne mai rauni, yakan nuna alama a jikin wanda ba shi da cutar. Sai mutum ya yi wata shida yana shan maganin taifot alhali tarin fuka ne ko ciwon hanta. Haka mai jin nauyi a ƙirji ko zafi a saman ciki idan ya yi tafiya, a ce masa ulsa ce, alhali zuciya ce take kuka. Duk wanda aka yi masa maganin abu ɗaya sau biyu, sau uku, bai ji sauƙi ba, lokacin neman ƙwararre ya yi.

Yanzu ga yadda ake nemansa. Ƙofar farko ita ce likitan babban asibitin da ya fi kusa da kai. Kada ka tsallake shi ka hau mota zuwa birni hannu rabbana. Ka ce masa a fili kana son ya tura ka wajen ƙwararre, ya rubuta maka takardar turawa mai ɗauke da abin da ya gani, da abin da ya gwada, da maganin da ya bayar. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan. Mai takarda yakan wuce kai-tsaye zuwa kilinik ɗin da ya dace, wanda ba shi da ita kuwa sai ya fara bin layin GOPD, wato sashen duba kowa da kowa, wataƙila ya kwana biyu a birni kafin a ba shi rana. Kilinik na ƙwararru yana da ranakunsa: na zuciya daban, na ƙoda daban, na suga daban. Kafin ka biya kuɗin mota, ka sa likitanka ko wani ɗan gari da ke aiki a can ya tambayo maka ranar, ya kuma tabbatar ba a yajin aiki.

Ka tafi da ledarka yadda take, da kwalayen da babu komai a ciki, da jiƙo da gari da duk abin da ake sha. Ka tafi da tsofaffin sakamakon gwaji ko da sun yi shekara uku, domin gwajin ƙoda na bara idan aka ajiye shi kusa da na bana yana faɗin abin da kowannensu shi kaɗai ba zai faɗa ba. Ka tafi da mutumin da yake kwana da mara lafiya, wanda ya san sau nawa yake tashi fitsari da matashin kai nawa yake tarawa kafin ya iya numfashi, ko da wanda ya biya kuɗin motar wani ne daban. Idan ana zaton suga ne, a je da safe ba a karya ba. Idan kuma ka shiga ka tarar da matashin likita a kujera, kada ranka ya ɓaci. Likita ne cikakke da ke karatun ƙwarewa a ƙarƙashin konsaltan, kuma kana da damar tambayarsa wane babban likita ne fayil ɗinka yake hannunsa.

Wasu za su zaɓi asibitin kuɗi saboda gudun layi, ba laifi. Ƙwararru da yawa suna duba mutane a irin waɗannan wurare da yamma ko ƙarshen mako. Sai dai a duba. Duk likita na gaskiya yana da rajista da MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitoci, da lasisin da ake sabuntawa duk shekara. Wanda ya kammala ƙwarewa a wannan fanni a ƙasar nan za ka ga haruffan FMCP ko FWACP a bayan sunansa. Farar riga da abin sauraren ƙirji a wuya ba shaida ba ce. Wanda kuma ya yi maka alkawarin raba ka da suga ko hawan jini har abada cikin kwana arba'in, ka riƙe kuɗinka ka fita.

Akwai abin da ba ya jiran takarda ko ranar kilinik. Baki ya karkace ko ɓarin jiki ya saki, ƙirji ya riƙe da gumi, numfashi ya gagara a kwance, fitsari ya ɗauke, aman jini, ko mai suga ya fara sambatu: wannan sashen gaggawa na asibiti mafi kusa za a nufa a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne minti biyar na ƙarshe kafin ku fito daga ɗakin ƙwararren. Mutanenmu suna da kunya da kawaici, sai a karɓi takardar magani a yi godiya a fito, a dawo gida ba a san sunan cutar ba. Ka tambaya: mece ce cutar? Wannan maganin na wata ɗaya ne ko na har abada? Wanne zan daina daga cikin na leda? Wane gwaji za a maimaita, yaushe? Idan azumi ya gabato, mai suga da mai ciwon ƙoda su tambaya tun kafin watan ya kama, domin wasu za su iya yi idan aka sauya musu lokacin shan magani, wasu kuwa azumin haɗari ne gare su, kuma malamanmu suna nan za su tabbatar muku addini ya yi wa mara lafiya rangwame. Sannan ka roƙe shi ya rubuta amsa zuwa ga likitan da ya turo ka. Wannan takardar dawowa ita ce aka fi mantawa da ita a asibitocinmu, kuma ita ce take mayar da tafiya ɗaya ta zama kulawar shekara guda.

Idan an dawo gida, wa zai riƙe? A nan ina kallon ƙannena jami'an lafiya na matakin farko da ma'aikatan jinya. Kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan Najeriya yana da hawan jini, kuma da yawa ba su sani ba. Babu ƙasar da ƙwararru kaɗai za su iya da wannan adadi. A 2020 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fara wani shiri na shawo kan hawan jini a asibitocin matakin farko na jihohin Kano da Ogun, inda aka horar da ƙananan ma'aikata su auna jini, su fara magani bisa tsari rubutacce mataki-mataki, su tura wanda ya fi ƙarfinsu gaba. Abin da ake nema shi ne awon jini ya sauko ƙasa da 140 bisa 90. Wannan aiki ne da za a iya yi a kowace mazaɓa da ma'auni mai kyau da littafin rajista. Mara lafiya kuma ya sayi littafi mai bango na 'yan makaranta, duk wanda ya auna shi ya rubuta kwanan wata da lamba, duk wanda ya ba shi magani ya rubuta suna. Ya zaɓi ma'aikaci ɗaya ya tsaya a kansa. Yau wannan asibiti gobe wancan kemis shi ne ya cika ledar Baba.

Iyayena mata, akwai maganar da ta shafe ku musamman. Tun shekarun 1970 likitocin cikin jiki a Zariya, ƙarƙashin Farfesa Eldryd Parry, suka lura da yawan matan da zuciyarsu take gazawa bayan haihuwa a ƙasar Hausa, har suka danganta abin da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken da aka yi daga baya, wanda likitocin zuciya na Kano suka jagoranta, ya nuna lamarin ya fi haka faɗi, akwai hannun rashin abinci mai gina jiki da talauci da hawan jinin ciki. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne cutar tana da yawa a wajenmu fiye da mafi yawan sassan duniya. Mai jegon da take haki idan ta ɗauki bokiti, take tari da dare, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine, kada a ce gajiyar haihuwa ce ko sanyi, kada a jira a yi arba'in. Likitan zuciya take bukata da hoton zuciya, kuma da yawa suna samun sauƙi idan an fara magani da wuri. Maigida da uwar miji su ne suke da ikon cewa a tafi, don haka da su nake.

Haka batun ƙoda. Kun ji yadda ciwon ya addabi mutanen Gashuwa da kewaye a Yobe, da yankin Haɗeja a Jigawa, har yau ana binciken musabbabinsa. Ƙoda ba ta ciwo a farkon lalacewarta. Gwajin fitsari da gwajin jini na kiriyatinin sau ɗaya a shekara ga mai suga da mai hawan jini yana kama ta da wuri. Idan aka bari ta kai ga wanki, sau biyu ko uku ake yi a mako, kuma kowa a nan ya san gidan da aka sayar da gona da shanu saboda shi.

Ranka ya daɗe, yanzu zan juyo ga wannan ƙungiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun lafiya na matakin farko, dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya, jihohi suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya da ke yi wa marasa ƙarfi rajista. Haƙƙinmu ne, kwamitin ƙungiya ya bi sawu ya ga tsofaffinmu da zawarawanmu sun shiga. Amma akwai abin da ke hannunmu da ba ya jiran gwamnati. Mun saba idan an tara kuɗin gayya sai a yi gini, domin gini ana ganinsa ana ɗaukar hoto a gabansa. Ina ba da shawarar bana a kashe kuɗin a kan kawo mutum. A je sashen cututtukan cikin jiki na asibitin koyarwa mafi kusa da mu, da takarda daga fada da amincewar hukumar asibitocin jiha, a nemi ƙwararre ɗaya ko babban mataimakinsa ya riƙa zuwa rana ɗaya tsayayya a kowane wata. Ƙungiya ta ɗauki nauyin mota da masauki da alawus, ta kuma kula da tsaron hanyarsa. Likitan asibitinmu shi zai tace waɗanda za a gani, ya zauna tare da baƙon a ɗaki ɗaya, domin bayan shekara shi ma ya ƙaru, kuma ya samu lambar wayar da zai kira da dare idan abu ya rikice.

Kafin ya fara zuwa sai an tanadi abin da zai yi aiki da shi: na'urar gwajin ƙoda da gishirin jini tare da sinadaranta, na'urar ECG, ma'aunin suga da tsinkayensa, ma'aunin jini mai babban hannu da ƙarami, da wutar sola da za ta riƙe firji. Na'ura ba ta da amfani idan sinadari ya ƙare, saboda haka a sa ɗan kuɗi kaɗan a kan kowane gwaji, a ajiye shi a asusu daban mai sa hannun mutum uku. A kuma samu matashi ɗaya mai amana a biya shi ya riƙe rajista, ya riƙa kiran wanda bai zo ranarsa ba.

'Ya'yan wannan gari da suke aikin lafiya a birane, na ga wasunku a zaune. Idan an tashi ina roƙon ku tsaya mu zauna da sakataren ƙungiya da likitan asibitinmu, mu rubuta takardar da za a kai, mu fitar da farashin kayan, mu kuma sa ranar da wakilai za su tafi kafin damina ta ɓata hanya.